Mangwarona a Ramin Yaya Bello

Ko kashe babur ɗin ban yi ba. Na sake shi ya faɗi a kan kunya, tayar baya tana ta juyi, na ruga cikin gonar da takalmin fita a ƙafata. Mutum uku na tarar. Biyu 'yan ƙwadago ne da shebur, na ukun yana tsaye da lema duk da ruwan ya ɗauke, hannu ɗaya a baya kamar mai duba aikin hanya. Yaya Bello ne, babban yayan mahaifiyarki. Sun gama layin farko har sun shiga na biyu. Mangwarona da na yi rani biyu ina ba ruwa, ga su nan a kwance a gefe, an jera su.

"Yaya, lafiya? Me ake yi haka?"

"Lafiya lau, Lawali. Ka kwana lafiya? Ƙaƙa iyali?"

Wallahi haka ya ce min. Gaisuwa. Kamar mun haɗu a bakin masallaci.

"Yaya, itatuwana ake tonewa."

"Awo. Gonagga ta aro ta. Kai ko ka sani, ba a barin baƙo shi dasa icce gonar aro."

"Baba ne ya ce in dasa. Da bakinsa."

"Allah shi jiƙan Baba."

'Yan ƙwadagon nan suka ce amin, suka ci gaba da tono.

Hafsatu 'yata, ki gane. Yayan matata ne. Ko murya ba ni da damar ɗaga masa, balle hannu. Na tsaya ina kallo. Abu ɗaya na lura da shi ban gane ba sai daga baya: ba sara suke yi ba. Zagaye kowane dashe suke yi a hankali, su ɗago shi da ƙasarsa a gindi, su kwantar kamar jariri. Na ɗauka tausayi ne. Na ɗaga babur ɗina na koma Tambuwal, ban ma san yadda na iso ba.

Ina rubuta miki wannan a waya, a cikin mota, a layin shan mai, duk inda na samu sarari. Yanzu ko baƙi ba ki gama sani ba, amma za ki girma, kuma za a ba ki labari. Za a ce ubanki wani ɗan Nijar ne da ya zo da boko zai cinye gonar gidan su uwarki. Za a ce shi ya raba ta da danginta. Wasu ma za su ce a Legas korarsa aka yi. To ga nawa. Na san kafin ki karanta, 'yan uwa da abokai za su riga ki. Su ma su karanta, ban ɓoye wa kowa ba.

A Dogon Dutse aka haife ni, a Yamai na tashi, karatu ya kai ni Legas, aiki ya riƙe ni can. Kamfanin zuba jari ne. Aikina in zauna gaban kwamfuta in bi kamfanin wani ciki da waje, in ce a zuba masa jari ko kar a zuba. Kuma na iya. Ba yabon kai ba ne, ƙarin girma yana zuwa tun ban nema ba. Mota, gida a sama, esi har sai na nemi bargo. Manyan mutane da furfura suna zama a gabana suna share zufa, suna jiran in ɗaga kai. A nan na haɗu da mahaifiyarki, Luba, ta zo bautar ƙasa. Ranar farko da ta ji na yi Hausa a waya ta juyo ta ce, kai ɗan ina ne, wannan ai Hausar gidanmu ce. Ki riƙe wannan. Hausar da na sha a nono da wadda ake yi a Tambuwal kusan guda ce. Iyaka ce kawai aka ja a tsakani, ba mu muka ja ta ba.

Da bazara aka ɗaura aurenmu a Tambuwal, garinsu. Washegari abokan ango suka ɗauke ni yawo hanyar Kebbe. Mangwaro ne a zube ƙarƙashin itatuwa, yana ruɓewa, ƙuda ya yi baƙi a kai, awaki sun ci har sun gaji sun kwanta. Ni kuwa satin da ya wuce na ga busasshen mangwaro a wani kanti a Legas, 'yar leda kamar tafin hannu, wai daga ƙasar waje aka kawo. Tun daga ranar abin ya tsaya min a wuya. Na koma ofis, kowane mai ƙaramin kamfani ya zauna a gabana sai in ji haushin kaina. Shi ya gina wani abu, ko ya rushe dai ya gina. Ni alƙalanci kawai na iya. Shekara ba ta zagayo ba na ajiye aiki.

Manajana ya cire tabarau ya ce in maimaita sunan garin. Na maimaita. Ya ce zai riƙe min kujerata har hankalina ya dawo. Mahaifiyata kuwa daga Yamai ta kira, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Lawali, ka bar esi ka tafi shanya mangwaro? Ko wani abu anka yi maka?"

"Ba abin da aka yi min, Inna."

"To ka sani can baƙo ka ke. Legas kowa baƙo na, shi ya sa ba ka ji ba."

Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na yi.

Na kama haya a Tambuwal, na gina ɗakin shanya mai aiki da sola, na fara sayen mangwaro wurin matan Jabo da Sanyinna. Nan na ci karo da matsalar farko. Mangwaron gida zare ne da shi, in ya bushe kamar kana tauna igiya. Wanda kasuwa take so manyan nan ne marasa zare, masu aure, kuma babu su a yankin. Ke nan sai na dasa nawa. Ba ni da ƙasa, kuma duk wanda na taya wa gona sai ya ce bari ya yi shawara, shawarar ba ta ƙarewa. A teburin mai shayi an riga an raɗa min suna, Ɗan Sefa, saboda kuɗin ƙasarmu. In na zo wucewa sai ka ji, Ɗan Sefa, yau nawa canji? Ina dariya ina biya musu shayi.

Kakanki, Alhaji Garba, wanda duk muke kira Baba, shi ya aiko a kira ni. Manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, mutum mai ƙarancin magana. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure kaina a ƙasa kamar yadda suruki yake yi. Ya ce in tashi in ɗauko babur. Na goya shi har gonarsa ta hanyar Kebbe, wadda ƙasanta ya gangara fadama, samanta kuma fako ne, ƙasa mai tauri kamar siminti. Ya nuna min gefen fadamar da sandarsa ya ce in yi abin da zan yi. Da dashen suka iso, Luba ta biyo mu da fura. Ni ban ma tayar da maganar ba, shi ya tayar.

"Na san abin da a ka faɗi. Wai wanda anka ara ma gona, gero da dawa shi ka shukawa, abin da za a girbe a tashi. Icce kuwa sai mai ƙasa. To ni ad da ƙasa, ni nic ce ka dasa."

Ya karɓi dashen farko daga hannuna, ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya sa a rami, ya tura ƙasa da tafin hannu, ya yi bismilla ya zuba ruwa. Sannan ya ce in ci gaba.

Kuma kar wanda ya tambaye ni ina takarda. Na san za a tambaya, abokaina na Legas sun tambaya har na daina ɗaga wayarsu. Kai da ka yi shekaru kana karanta yarjejeniya? E, ni. Na aika Luba ta yi masa maganar cikin ladabi. Kin san amsar da ya ba ta?

"Ɗiyata na ba shi ba da takarda ba. Gona ta fi ki?"

To ku faɗa min wanda zai koma zauren nan da biro bayan wannan.

Rani biyu na yi ina ba su ruwa. Wanda bai yi rani a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Injin ban ruwa ya lalace, na koma jarka a amalanke. Na kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Wurin auren kowanne na naɗe shi da shuɗiyar leda da hannuna. Tafin hannun nan da bai san komai ba sai linzamin kwamfuta ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Na yi baƙi har mahaifiyata ta ƙi gane ni a hoto. A cikin wannan aka haife ki, a gidan Baba, a ɗakin kakarki Inna Kulu. Bayan ɗakin aka binne mabiyiyarki. Ni na tona ramin ma. Wannan ramin ba wanda ya ce baƙo ba ya tonawa.

Farkon damina Baba ya kwanta, bai daɗe ba ya rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Na zauna zaman makoki tare da 'ya'yansa, ana zuwa ana yi min gaisuwa kamar su. Aka yi sadakar arba'in, aka watse. Satin bai fita ba na tarar da abin da na faɗa miki a farko.

Na kai ƙara wurin dattawa, aka zauna a zauren nan dai da na durƙusa wa Baba. Mai unguwa yana nan, da liman, da ƙannen Bello. Inna Kulu tana daga bayan bango, ana jin motsin tasbaharta. Zan faɗi gaskiya, Yaya Bello bai yi ihu ba, kuma ba wawa ba ne. Maganarsa a tsare take, shi ya sa ta fi ciwo.

"Ni ban ƙi Lawali ba. Amma icce ya fi mutum daɗewa. Yau mu munka san aro na. In munka mutu fa? Mai wucewa cewa za shi yi, mangwaron Lawali. Gobe a ce gonal Lawali. Jibi ɗiyanai su zo su ce ta ubansu ta. Kuma mutumin ga yana da ƙasa tai. Ran da yaj ji kewar gida, sai shi saida ma wanda ba mu sani ba shi hau mota."

Aka yi ta gyaɗa kai. Na ce wace ƙasa? Gidan haya nake a Yamai ma in na je. Matata a nan, 'yata a nan, duk abin da na tara a Legas yana cikin ƙasar nan da ɗakin shanyar nan. Na ce shekara nawa ake so in yi? Wani ƙanensa ya yi murmushi ya ce, ai ba a shekara ba ne, Ɗan Sefa. A gaban liman ya kira ni haka. Ba wanda ya tsawata masa.

Mai unguwa ya ce wa ya ji lokacin da marigayi ya ba da izini? Na ce Luba. Aka ce matarka ce, sai wani. Na ce Inna Kulu ta sani, domin a ranar Baba ya dawo da laka a gwiwa, ita ta wanke wandon tana faɗa. Aka juya wajen bango, aka ce Inna ko kin ji? Tasbahar ta tsaya. Can ta ce:

"Ni ban je gona ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Ba ta je ba. Amma har yau in na tuna sai in ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na kuma san dalilinta. Mijinta ya tafi, a hannun Bello za ta ci abinci har ƙarshen ranta.

Hukuncin da aka yanke wai sulhu ne. Ba a kore ni ba, kar a ce an kori suruki. In ci gaba da noma gonar, gero, dawa, wake, duk abin da zai ƙare a damina ɗaya. Aka ce in gode. Ina shirin miƙewa sai na ga inuwa a ƙofar cikin gida. Mahaifiyarki ce da hijabi, kina goye a bayanta. Mace ba ta shiga zaure ana zaman maza a gidan nan, ba a taɓa yi ba. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Malam, ina son a raba gado. A fid da min rabona cikin gonagga."

Ki gane abin da ta yi, domin nan ne komai ya karye. Haƙƙinta ne, liman da kansa bai iya cewa a'a ba. Amma a gidan nan mata ba sa tambaya. Gwaggwanninta ba su tambaya ba, yayyenta mata ba su tambaya ba. Ana barin ƙasa a hannun maza, su kuma su bar miki ƙofa a buɗe: buhun gero bayan girbi, cinyar rago da Sallah, ɗaki in aure ya mutu ko miji ya rasu. Wadda ta ce a auna mata nata, kamar ta ce ba ta bukatar ƙofar ne. Inna Kulu da ta kasa magana ɗazu, yanzu muryarta ta fito.

"Luba! Kin san abin da ki ka yi? Ran da kinka rasa wurin zuwa fa?"

"Inna, a gabana Baba yaf faɗi. Yanzu anka mai da ni maƙaryaciya kina ji."

Da muka koma gida na roƙe ta ta janye. Wallahi na roƙe ta. Na ce mu koma Legas, kujerata tana nan. Ta ce in ina so in koma in koma, ita ba don ni kaɗai take yi ba. Don haka duk wanda ya ce miki ni na zuga ta, bai san uwarki ba.

Aka sa ranar rabo. Tun ranar tonon ban sake taka gonar ba, ko hanyar ba na bi. Muka je da malamin rabo da igiyar awo da dattawa. Muna shan kwana na ga abin da ya sa na taka birki har Luba ta bugi bayana.

Mangwarona ne a tsaye. Duka. Layi-layi, ganye shar, sun sha ruwan sama sun miƙe. Na sauka na matsa. Kowane ɗaya an matsar da shi gefe kaɗan, an sa shi a sabon rami. Tsohon ramina yana nan kusa da shi a buɗe, ruwa ya taru a ciki. Shuɗiyar ledata ma ba su cire ba. Har wanda Baba ya dasa da hannunsa, shi ma an ɗaga shi an canza masa rami. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ake ɗago su kamar jarirai.

"Yaya, wannan fa?"

"Waɗanga? Ni nid dasa su. Ga waɗanda sunka tona min ramu nan, a tambaye su."

'Yan ƙwadagon nan biyu suna tsaye, suka ce ƙwarai, Alhaji ne ya sa kowane ɗaya da hannunsa. Kuma gaskiya suka faɗa! Abin da yake haukata ni ke nan, kowa a labarin nan gaskiya yake faɗa. Na ce dashen nawa ne, ni na saya, ni na raina. Bello ya ce ai ya ga na watsar da su a gefe na tafi, bai so su mutu ba, in ina son kuɗin dashe sai ya biya. Na ce ya riƙe. Malamin rabo ya yi gyaran murya ya ce tunda itace na bin wanda ya dasa, zai fi sauƙi gefen fadama ya faɗa rabon Bello, kar a shiga rigimar itacen wani a ƙasar wani. Aka ja igiya. Rabon Luba ya faɗa can sama, kan fako.

Ashe ba itacen ne matsala ba. Itacen yana da kyau, har ya cancanci a tona masa rami sau biyu. Hannun da ya dasa shi ne ba a so.

Ban koma Legas ba. Mutane suna cewa taurin kai ne, su ce. Mun tashi daga Tambuwal mun dawo cikin Sakkwato, domin Luba ta kasa jure wucewa ta ƙofar gidansu a kullum. Ni nake bin motar haya ina zuwa ina dawowa. Fakon nan kuwa, a Dogon Dutse irinsa muka gada, kakannina a kansa suka rayu. Na sa diga na fasa shi, na yi ramuka masu baki kamar rabin wata don su tare ruwa, na cika su da taki, na sake dasawa. Da yawa sun mutu. Waɗanda suka rayu yanzu sun kai min ƙugu. A ƙasar uwarki suke, da igiya aka auna, ba mai matsar da su. Ɗakin shanya yana aiki, matan Jabo da Sanyinna suna kawo kaya, ledojina suna shiga Legas. Ban yi arziki ba, ban kuma mutu ba. Tsohon manajana yana kira lokaci-lokaci ya tambaya ko hankalin ya dawo.

Amma ba ni na biya kuɗin abin nan ba, uwarki ce. Girbi ya zo ya wuce, ba buhu. Sallah ta zo, ba nama, ba ko kira. Aka haifi ƙanenki, muka sa masa sunan Baba, na yi hayar rumfa da kujeru, layin da muka ware wa mutanen Tambuwal haka ya wuni ba kowa. Ta yi kwalliya ta zauna tana kallon ƙofa har magariba. Tana kiran Inna Kulu a waya, gaisuwa ce kamar ta baƙi, lafiya lau, lafiya lau, sai an jima. Aka aurar da ƙanwarta, a hoton wayar wata ta gani. Ba ta taɓa ce min kai ka ja min ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Yau da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Direban da nake yawan shiga motarsa ne daga Tambuwal, ɗauke da daro an rufe da zane. Ya sauke a tsakar gida yana haki.

"Inna Kulu tac ce a kawo ma ɗiyan Luba. Na fari na da sunka nuna. Alhaji Bello da kainai yat tsinko, yac ce a gaishe ka, wai iccenai sun yi albarka."

Iccensa.

Na yaye zanen. Manya, jajaye ta gefe ɗaya, ba zare. Ko a mafarki na san su. Shekarun da na yi ina jiran in ga waɗannan 'ya'yan, ga su a tsakar gidana a matsayin tsaraba. Na ce da direban ya ɗauka ya mayar yanzun nan. Ya ce shi sai la'asar zai juya, in yi tunani, zai biyo.

Luba ta fito daga kicin. Ba mangwaron ta kalla ba, daron ta kalla. Na Inna Kulu ne, mai fentin da ya ɓare a baki, wanda aka yi mata wanka a ciki tana jaririya, aka yi miki ke ma. Ta durƙusa ta dafa shi da hannu biyu. Wannan ne abu na farko da ya fito daga gidansu ya zo gare ta tun ranar igiya. Kuma kowa ya san yadda ake yi. In an karɓa, ba a mayar da daro haka nan, sai an sa wani abu a ciki, ko sabulu ne, daga nan hanya ta buɗe. In kuwa aka mayar da shi da kayansa ba a taɓa ba, an rufe ke nan, har Inna Kulu ta koma ga Allah ba za a sake buɗewa ba. Amma in na karɓa, na sa an yanka, na aika da godiya, to na amsa da bakina cewa iccensa ne. Gobe a zauren nan za a ce ai har ya sha ya gode.

Ke kuma ba ki jira kowa ba. Kin riga kin ɗauki mafi girma, kin rungume shi da hannu biyu, kina bina kina cewa Baba a yanka min. Na ce ki bari tukuna. Na shigo ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki waya, shi ne nake ta ƙarasa rubutun nan tun ɗazu, yatsana har ya yi zafi. Ina jin ki a waje kina tambayar uwarki ko mangwaron waye.

An kusa kiran la'asar, direban yana hanya. Ku da kuke karantawa, 'yan Tambuwal da 'yan Yamai da ku na Legas masu tambayar takarda, kun ji komai, ban rage ba. In ku ne a tsaye a kan daron nan, matarku a durƙushe tana dafe da shi, 'yarku tana miƙo muku mangwaron da kuka raina da hannunku, wuƙa za ku ɗauko, ko zanen za ku mayar ku rufe?